Abin da Ke Ƙarƙashin Ciyawar Roba

Kare ya kafa farce a gefen ciyawar roba, Sha'aibu direba ya zabura. Mai sayar da ita ya rantse kare ba ya iya tone ta, shi ya sa Sha'aibu ya shimfiɗa ta a ƙofar gidansa a Kaura, bisa ramin da ya binne kwalaben barasa shida ranar da aka ƙaddamar da Shari'a.

Ga surukinsa Malam Maigari zaune a kujera, ɗan kwamitin Shari'a na unguwa. Bulala tamanin! Sha'aibu ya daka wa karen tsawa, amma a banza. Karen ya fizge ciyawar, ya tone ƙasa.

Ramin wayam.

Sha'aibu bai gama ajiyar zuciya ba, tsohon ya dafa kafaɗarsa.

"Yi haƙuri, ɗana, ni na ɗauka. Matarka ta ce maganin ciwon baya ne kake binnewa don ya yi ƙarfi. Wallahi kwana ukun ga barci nike kamar jinjiri. Na ba Liman kwalba biyu, ya ce ka zo da bakinka ka gaya mishi sunan maganin."