Abokin Gado

Auta ya ɗaga matashin kai, ya sake tarar da safa mai wari a ƙarƙashi.

"Sai na ga ƙazamin nan da idona," ya ce wa mai gidan haya.

"Ba ruwana. Kai ka kama gadon da rana, shi da dare."

Tunda ya sauka garin nan yake wannan fama. Kawunsa, mai turo wa dangi hotunan gidan bene, ta waya ya sallame shi: "Gidana ba masaukin 'yan ci-rani ba ne." Shi ya sa yake kwana aiki a gidan burodi, da safe ya zo ya kwanta a ɗumin wani ƙato da bai taɓa gani ba, mai ƙarar masa da sabulu.

Washegari ya baro aiki da wuri, ya tarar da mutumin yana barci a gadon, ya fizge masa bargo.

"Tashi, ɓarawon sabulu."

Mai barcin ya juyo. Ashe kawunsa ne.

"Kada uwarka ta ji," in ji Kawu.

Auta ya fara cire takalmi.

"Sauka, Kawu, gari ya waye. Gadona ba masaukin 'yan ci-rani ba ne."