Wasiƙun da Aka Ƙulle a Leda

Tela bai san mahaifinsa ba. Yana ciki aka tafi da uban yaƙin kan iyaka, bai kuma dawo ba. Abin da ya rage kawai wasiƙun da ya riƙa aiko wa Inna daga bakin daga. Ba ta iya karatu ba, amma takan fito da su daga akwatinta su sha iska, ta sa a karanta mata.

Sai ga wata ma'aikaciyar gidan adana tarihi tana bin gidajen tsofaffin sojoji. Hoton wasiƙun kawai take ɗauka, ta mayar wa masu su nan take. Ta yi ta zarya shagon Tela har takalminta ya gaji.

"Malam, a gabanka zan ɗauka, ko ƙofa ba za su fita ba."

"Baiwar Allah, sirrin gidanmu ne. Ki dawo wani lokaci," in ji shi, ƙafarsa na kan keken ɗinki, ko kai bai ɗaga ba.

Tsoron kada Inna ta ba da su a bayan idonsa ya hana shi sukuni. Ya kwashe su, ya ƙulle tam a leda, ya cusa bayan buhunan ƙyallaye a ɗakin ajiya, jikin bangon da ke tsatsafo da damina. A ganinsa ya yi dabara. Bai san leda tana riƙe danshi ba.

Da ciwo ya kwantar da Inna, ta kasa zama ta kasa kwanciya. Ta juya nan, ta juya can, bakinta magana ɗaya.

"Ɗauko min takardun babanku. Ina so in ji muryarsa."

Ya ruga ya kwance ledar. Wari ya buge shi. Takardun sun manne sun zama dunƙule guda, tawada ta narke, fumfuna ta cinye sauran. Ya gwada ɓare ɗaya, ta marmashe a hannunsa.

Ya dawo ya tsaya a gefen gadonta.

"Karanta mana, ɗan nan. Me kake jira?"

Bai da abin karantawa. A makon ta rasu, tana tambaya.

Jama'a, ɓoye tarihi ba adana shi ba ne. In akwai tsofaffin takardu a gidanku, ku bari masana su ɗauki hotonsu tun ana iya karanta su.