Mai Hoton Asibiti da Mijina

Ke mai ɗaukar hoto a asibiti, ke na zarga da raba mijina da girkina! Duk wata shida sai ya ƙi karyawa, ya nufi wajenki. Jiya na bi sawunsa. Ta bayan ƙofa na jiyo muryarki: "Cire rigar, Baba. Kwanta. Riƙe numfashi."

Na banka ƙofar. Ga tsohona a bakin inji, ga likita yana nuna wa 'yata hoto: "Ƙarin da ke saman ƙodar ya girma, sai aiki."

Ashe shekara biyu ana bibiyarsa, har surukina ya sani. Ni da na shekara arba'in a ɗakinsa, uban wa ya ce a ɓoye min? Ya fito ya amsa!