Gwajin Uwa

Ana raɗe-raɗin cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta autan wata tsohuwar malama, wadda masu zuba jari ke rububi, ba na'ura ba ce, mutum ke amsawa a ɓoye. Malamar kuwa ba ta ɗaukar "an ce". Ta san mutum ba ya haɗiye zagi, sai ta rubuta wa manhajar:

"Wanda ya ƙera ki asararre ne, ko uwarsa ba ta alfahari da shi."

Amsa ta zo cikin ladabi. Hankalinta ya kwanta: na'ura ce.

Can sai ga surukarta a waya. "Mama, me ya sami ɗanki? Ya kulle ɗaki, ya ƙi abinci."



Na'urar ba ta kammalu ba. Autan ne ke amsa kowane saƙo da hannunsa, yana ganin lambar mai aikowa.