Cokali Huɗu na Malam Ja'afaru

Ana saura minti goma fim ɗin ya ƙare cajin wayar Zubair, wani matashin unguwa, ya mutu. Majalisar gindin durumi ta ɗauki salati, amma Malam Ja'afaru ko a jikinsa. Ya riga ya ga abin da yake so ya gani.

Fim ne na Turawa mai fassarar Hausa. Wai a wani zamani can gaba gwamnati ta dasa wa kowa na'ura a hannu, tana ƙirga lomarsa da takunsa. Jarumin ya gano wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda masu taurin kai ke cin abin da ransu ke so, yana kuma shafa wani mai a hannu don ya rufe wa na'urar ido.

"Wallahi labarina ne," in ji Malam Ja'afaru.

Da gaskiyarsa kuwa. Tun da aka ce yana da ciwon suga, 'yarsa Humaira, ma'aikaciyar asibitin gwamnati, ta kafa masa dokar ta-ɓaci. Fura ba suga, koko ba suga, shayi salam. Duk Juma'a sai ta huda masa yatsa ta ɗiga jinin a 'yar na'ura. Ta kuma faɗa masa ba wasa, ranar da lambar ta haura, allura zai koma kullum. Shi ko duk duniya allura ce kaɗai ke sa shi gumi.

To amma shekara hamsin yana noma gero da gyaɗa a ƙasar Tsanyawa, sai yanzu za a ƙirga masa cokali? Ina!

Washegari ya bari Humaira ta tafi aiki, ya ratsa ta cikin dawa, ya ɓulla teburin Mika'ilu mai shayi a bakin titi, daidai inda ake jiran motar gari.

"Cokali huɗu. Kuma bakinka ƙanin ƙafarka."

Mika'ilu ya sosa ƙeya. "Malam, yau suga ya ƙare mini. Ka zo gobe."

Da ya koma, Mika'ilu ya duba hagu da dama, ya zaro wani shuɗin gwangwani daga ƙarƙashin tebur. "Wannan naka ne kai kaɗai, kada wani ya gani." Malam Ja'afaru ya kurɓa, zaƙi ya ratsa shi har kunne. Daɗi ya kama shi, saura kaɗan ya yi hawaye.

Ran Juma'a ya murje ganyen darbejiya a yatsa, yadda jarumi ke yi da mansa, don ɗaci ya danne zaƙi. Humaira ta kalli koren yatsan. Ta huda, ta ɗiga. Lamba ta fito lafiya lau.

"Sannu da ƙoƙari, Baba."

Da ƙyar ya danne dariya.

Haka aka kwashe wata uku. Shayi da safe, darbejiya ran Juma'a, na'ura na ta shan ƙarya. Ya ƙara zuwa cokali shida, har tafiyarsa ta canja. Da Zubair ya ce ya zo ya ga ƙarashen fim ɗin, hannu ya ɗaga masa.

"Riƙe abinka, yaro. Ni da na kayar da gwamnati da ganye, me za ka nuna mini?"

Ran Litinin Mika'ilu yana hura wuta, motar Tsanyawa ba ta iso ba, wata farar riga ta tsaya a gaban teburinsa.

"Malama, Baba fa ya koma cokali shida."

"Ba shi bakwai ma," in ji Humaira, tana juye garin zaƙi na masu ciwon suga a shuɗin gwangwanin. Ita ta kalli fim ɗin har ƙarshe, ta san gwamnatin ce da kanta ta gina ɗakin ƙarƙashin ƙasan.