Kejin Hagu

Wallahi ba za ku yarda ba, amma Yahouza, wanda aka kora daga makaranta don ya sa wa malamin lissafi ƙadangare a aljihu, yanzu ko tuwo ba ya wuce masa.

Shi ke kai ƙanwarsa Mubina labo, ɗakin binciken jami'a, a kan zem ɗinsa, babur na haya, daga unguwar Guéma. Bincikenta a kan fararen ɓeraye ne da aka haska da irin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi. Bayan hasken sai tsoro ya kama su, su daina wasa, su lafe a lungu, kamar yadda babansu ya zama a can gida Djougou tun da ya dawo daga jinya. Magani take gwadawa. Kowace safiya takan ciro kwalabe biyu, ta bi keji biyu da allura.

Na dama sun ware, suna yawo har tsakiya. Na hagu ko motsi. Soutenance, ranar kare bincikenta, na matsowa, Mubina na ramewa, kullum idonta a kan kejin hagu.

Yahouza ya ce a ransa ai wannan ƙaramin aiki ne. Da ta fita sallar azahar, ya faɗa ɗakin baya inda ake kiwon waɗanda haske bai taɓa ba, ya zaɓo masu ƙiriniya, ya zana musu alama a wutsiya da alƙalaminta, ya zuba su a hagu. Masu lafewar ya ɗure su a kwandon goro ya kai gida. Da yamma har yana gaya wa 'yan zem su fara kiransa dokta.

Ranar gwaji, hagu da dama kowa na tsalle. Mubina ta hau babur suka kama hanyar gida. A hanya ya ji bayan rigarsa ya jiƙe. Ta kira farfesanta ta ce a janye soutenance, ta kira Djougou ta ce wa Inna a daina shirin zuwa.

Bai gane ba, kuma ya kasa tambaya. Sai ya riƙa zagaye ta a tsakar gida.

Ranar Juma'a ta shiga ɗakinsa neman caja, wari ya kai ta ga kwandon.

Ya durƙusa. "Don ki yi murna ne, Mubina. Na ga maganin bai kama su ba."

Ta daɗe tana kallon ɓerayen, a cure wuri guda.

"Ɗauko kwandon, Yaya, da bakinka za ka gaya wa farfesa. Waɗannan ruwan gishiri kawai nake yi musu. Su ne shaidata cewa maganin yana aiki."