Tsagar Ginshiƙi na Uku

Tun da aka kafa dokar tashin mutane daga duk ginin da na'ura ta hango tsagarsa za ta kai kaurin ƙwayar gero, wani bene da na'urar ta nuna ya koma kufai. Iyali talatin sun kwashe kayansu. Injiniya Rumasa'u kaɗai ta ƙi fita, don ita ta zana ginin, kuma lissafinta ya ce tsagar ginshiƙi na uku ba za ta ƙaru ba. Aka ba ta kwana arba'in ta tabbatar, ko a rushe benen a karɓe lasisinta.

Kullum da safe takan sauko, takun takalminta na amsa kuwwa, ta zura siririn ma'auninta a tsagar ta rubuta. Kwana talatin da bakwai tsagar ba ta motsa ba.

Ranar jajibirin Sallah ta tarar da ginshiƙin sumul, an shafe da siminti, an bi da farar ƙasa. Baba Tanimu, tsohon maigadin da ke leƙo ta, yana gefe yana wanke hannu.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

"Ni ne, 'yata. Gobe Sallah, a bar gida a tsage kamar ba mutane?"

Masu dubawa na hukuma za su ce ɓoye tsagar ta yi. Ta miƙa masa hannu.

"Ara mini wuƙarka, Baba."

Ta durƙusa tana kankarewa a hankali har bakin tsagar ya fito. Ta zura ma'aunin, sai ya shige fiye da na jiya. Ko wuƙar ce, ko ginin ne, ba ta sani ba.

Ta rubuta abin da ta gani, ta hau sama.